Ranar da Vinka Ta Faɗi Wurin Kifin Gidan Toma

Akwai wata mata a tsibirinmu mai suna Vinka, wadda a yini guda ta rasa jirgin kamun kifinta, ta rasa sirrin da gidan mijinta ya riƙe tun kaka da kakanni. Abin da ta samu kuwa ɗanta ne, jiƙe sharkaf, da ransa.

Tun da mijinta Toma ya rasu ita ke riƙe da jirgin. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma duk dillalin da ya zo sayen kifi wurinta sai ya koma yana sharce gumi. Ba ta taɓa karɓar tayin farko ba, balle ta ce na gode.

Kun san yadda abin yake a nan. Kowane gida da wurin kifinsa a cikin teku, ko suruki ba a gaya wa. Na gidan Toma wani kwari ne a ƙarƙashin teku can yamma, daga Vinka sai Frane, ƙanin marigayi da ke tuƙa jirgin, suka san alamarsa. Don haka ta kafa doka: da an bar gaɓa a kashe rediyon jirgi, kada wani ya tambaya, kada wani ya amsa.

"Kamun kifi na ɗauke ku, ba hira ba," in ji ta.

Shirun nan sai ya zauna a cikin jirgin ma. Frane da Duje bakanike sun daina gaisawa saboda wani itacen zaitun da ke kan iyakar gonakinsu. In Frane na son a ƙara wuta, sai ya dubi Roko, ɗan Vinka, ya ce, "Gaya wa mai baƙin hannun nan ya tashi daga barci."

Duje ya ce, "Gaya wa baffanka injin ba jakinsa ba ne."

Roko magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma ya koma ɗan aike tsakanin mutum biyu da ke jin tarin juna. Da ya gaji, sai ya fara haɗiye rabin saƙonnin don a zauna lafiya.

Ranar da abin ya faru, Duje ya ga ruwa na tsattsafowa a ƙarƙashin inji. Bai hau sama ba, ya ce wa Roko, "Ka ce masa ƙasa ta jiƙe." Roko ya ɗauka wata sabuwar tsokana ce, ya haɗiye. Frane kuma ya ga hadari ya yi baƙi ƙirin a yamma, amma taru ya cika da kifi, bai ce wa kowa komai ba. Lokacin da bakunan uku suka buɗe, ruwa ya riga ya shanye batir. Rediyo ya mutu, waya kuma ba ta kamawa a can.

A gaɓa, guguwa ta sauka bayan azahar. Jirage suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, ban da na Vinka. Ruwan sama ya ɗauke, amma teku na ta tumbatsa. Jerka matar Roko ta tsaya bakin tashar jiragen ruwa riƙe da yaranta, ta kasa ko kuka.

Aka kira masu ceto. Jirginsu na wani aikin a nesa, suka ce a faɗi wurin. Vinka ta ce, "Yamma da tsibiri."

Mai ceton ya ce, "Mama, yamma da tsibiri ruwa ne har Italiya. Ina ne?"

Ta ƙi faɗin wurin.

Babban jirgin ƙarfe ɗaya ne a garin, na tsoho Bepo, mutumin da ta taɓa kira ɓarawo a tsakiyar kasuwa wai yana bin sawun Toma don ya gano wurin kifinsa. Ta je ta same shi, ko gaisuwa babu.

"Bepo, na ba ka rabin kifina na wata guda. Fita ka nemo su."

"Ina zan nufa?"

"Na ce yamma. To, wata biyu."

"Ina, Vinka?"

"Gonar inabina ta kan tudu. Ɗauke ta!"

Bepo ya girgiza kai. "Ke matar Toma, ba a kasuwa muke ba. Iska ta riga ta ja su, jirgi ɗaya ba zai gan su ba. Sai mun jeru mu da yawa, kuma sai kowa ya san inda za a fara." Ya ciro abin maganar rediyonsa ya miƙa mata. "Faɗi a nan, kowa ya ji."

Ta matso kusa da shi. "In faɗa maka kai kaɗai, a kunne. Ka rantse ba za ka..."

"Har yanzu tayi kike yi? Dubi rana. In ta faɗi, ko kin faɗa ba amfani."

Sai Jerka ta turo yaran gabanta. "Inna, dube su. In kin riƙe wurin, wa zai je ya kamo miki kifin? Me zan ce musu gobe da safe?"

Vinka ta dubi coci can kan tudu, inda aka binne Toma. A gadon asibiti ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Ta yi alamar gicciye, ta fizge abin maganar.

"Ni ce Vinka matar Toma. Ku nufi yamma har ku hango hasumiyar coci ta hau kan tsagaggen dutse, fitilar ƙaramin tsibiri ta ɓuya bayan tudu. Nan ne. Ɗana na can. Don Allah ku..." Ta miƙa wa Bepo abin maganar.

Bepo ya karɓa. "Kowa ya maimaita abin da ya ji, in ji da kunnena."

Ɗaya bayan ɗaya suka maimaita. Wani ya ce, "Kai! Ashe nan ne? Kullum ta kansa nake wucewa!"

Bepo ya ce masa, "Rufe baki ka kunce igiya!"

Suka fita a jere, kowa na faɗin abin da ya gani. Wani ya ga akwatin kifi na yawo, ya faɗa. Wani ya ga mai a kan ruwa, ya faɗa. Da haka suka gane inda iska ta nufa da su. Vinka na tsaye a tasha, ba ta zauna ba, ba ta sha ko ruwa ba.

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa aka tsince su, su ukun, cikin kwale-kwalen roba. Jirgin ya nutse. Frane na riƙe da ɗamarar Duje kada igiyar ruwa ta tafi da shi, Duje na kwarfar ruwa da takalmi yana zaginsa baki da baki, ba ɗan aike.

Yanzu kowa na kamun kifi a kwarin gidan Toma. Roko na aiki a jirgin Bepo, inda ba a kunce igiya sai kowa ya faɗi abin da ya gani, umarni kuma sai an maimaita shi da ƙarfi. Vinka ta koma sayar da kifin wasu a kan tebur, kuma har yau ba ta karɓar tayin farko.

Wani dillali ya taɓa tsokanarta, ya ce, "Sarauniyar ciniki, nawa Bepo ya caje ki ranar nan?"

Ta ci gaba da kankare kifinta. "Na yi masa tayin kifi, ya ƙi. Na yi masa tayin gona, ya ƙi. Farashinsa in buɗe bakina a gaban kowa. Na nemi ragi, bai rage ba. Shi na biya."

Darasi: Mutanen da ke cikin jirgi ɗaya, ko gida ɗaya, ko wurin aiki ɗaya, ransu a bakin junansu yake. Abin da ka gani ka faɗa wa wanda ya kamata da bakinka, tun da wuri, ko da ba kwa shiri. Kada girman kai ko gaba su rufe maka baki sai ruwa ya shanye batir. Ku tura wa wasu, musamman waɗanda kuka san sun daina magana da juna.