Duwatsun Ƙasan Jirgi

A can ƙasar Sin an yi wani sarki mai yalwar mulki da ƙarancin yarda, wanda ko gaisuwa aka tsawaita masa sai ya tambayi abin da ake nema. Ya taɓa aiken shugaban jiragensa, Tan Wulai, ya keta teku har gaɓar baƙar fata. Bayan shekaru mutumin ya dawo da hauren giwa da turare da raƙumin dawa, amma rabin jama'arsa babu su.

To, ka san halin fada. Tun raƙumin bai huta ba aka raɗa wa sarki wai Tan Wulai bai je ko'ina ba, wai a wani tsibiri na kusa ya laɓe ya sayi kayan wurin fatake, waɗanda ya ce sun mutu kuwa can ya baro su suna shirin tawaye. Sarki ya sa aka ɗaure shi, ya kira Waziri Ku Shanmin ya ce, "Ka zo mini da hujjar tafiyarsa. In babu, takobi ya raba gardama."

Shi ma Waziri hankalinsa bai kwanta da mutumin ba. Ya tambayi matuƙan jirgin ya ji bakinsu ɗaya, sai zarginsa ya ƙaru. Ya dubi kayan, ya ga babu wanda kasuwa ba ta sayarwa. Can sai ya tuna al'adar masu teku: duk tashar da jirgi ya sauke kaya masu nauyi, sai an loda masa duwatsun wurin a ƙasan cikinsa, don kada iska ta kifar da shi. Ya tattare riga, tsofai-tsofai da shi, ya gangara ƙasan jirgin cikin wari da ruwan dagwalo, ya sa aka tona.

Ya dawo fada da kwando ya zube gaban sarki. Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Na aike ka hujja, ka kawo mini shara?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Can ƙasa na sami dutsenmu na gida, bisansa baƙi mai ramuka, bisansa fari na cikin teku, a sama kuma wannan ja wanda ƙasarmu ba ta da irinsa. Sun hau juna yadda tashoshin da ya faɗa suka bi juna."

Sarki ya ce, "Wanda ya sayi raƙumi zai kasa sayen dutse?"

"Ranka ya daɗe, maƙaryaci abin da za a duba yake gyarawa. Na tambaye shi a kurkuku me ke ƙasan jirginsa da zai cece shi, ya yi dogon tunani ya ce ɓeraye."

Sai sarki ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya sa aka kwance Tan Wulai, ya ce ya roƙi abin da yake so.

Tan Wulai ya ce, "A ba ni duwatsun nan. 'Yan tawayen da aka ce na ɓoye, teku ce ta ci su, ba su da kabari. Zan kai wa kowace uwa dutsen ƙasar da ɗanta ya ƙare."

Kai, ran nan kunya ta kama sarki, har ya kasa ɗaga ido. Sai ya ce, "Mai hukunci da abin da aka raɗa masa azzalumi ne ko ya dace, adalci sai an gangara inda ake ƙyamar shiga."