Ma'aji Kurege da Geron Yasar Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna.

To ku ji ta da kunne, ba da baki ba. Wanda ya yi mini surutu, in naɗe tabarmata.

Wani gari ne na dabbobi, ana ce masa Tudun Ƙirya. Gari ne mai tsari. Al'adarsu, in an yi girbi, kowane gida ya kawo damin gero, a sussuka, a sheƙe, a zuba a rumbun gari. Da geron nan ake yin duk aikin da ya shafi kowa. Rumbun kuwa bakinsa a sama yake, ɗan ƙarami, kuma doka ce ba mai leƙa shi sai Ma'aji. Da tsohon Ma'aji ya rasu aka duba aka duba, ba wanda zai iya shiga bakin nan sai Kurege. Shi ke nan aka naɗa masa rawani.

Ran nan Sarki Ɓauna ya tara jama'a gindin tsamiya, ya ce, "Ga gero an tara. Kowa ya faɗi aikin da za a yi da shi."

Giwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar gari. Kullum in zan shiga sai ta kankare mini haƙarƙari. A faɗaɗa ta."

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, mahauta ba su da rumfa. Nama yana lalacewa a rana, abin yana hana ni barci."

Kowa ya san abin da ke hana Kura barci.

Sai tsohuwa Bushiya ta matso, ta ce, "Ni ban iya doguwar magana ba. Rijiya ta cika da laka. In ba a yashe ta kafin bazara ba, za mu sha wuya. 'Yan gayya kuwa ba sa shiga rijiya da yunwa, sai an dama musu kunu."

Aka auna aka ga geron aiki ɗaya zai yi, ba uku ba. Wuri ya kaure. Giwa na ƙofa, Kura na rumfa, Bushiya na rijiya. Sai Kurege ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya gyara rawani, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mene ne amfanin Ma'aji? A bar mini. Duk yana cikin lissafi."

Sarki ya ji daɗi, don dama kansa ya fara ciwo. Aka watse.

Kurege ya shiga rumbu, ya ga gero fari tas, ya ce bari ya ɗanɗana ya ji ko gara ta taɓa. Ya ɗanɗana. Gobe ma ya ɗanɗana. Daga nan ya ce Ma'ajin Tudun Ƙirya guda bai kamata ya yi yawo tsirara ba, garin ne zai ji kunya. Ya ɗebi gero ya musanya da babbar riga. Ya ɗiba ya musanya da gyaɗa. Ya ɗiba ya ba kwaɗi, suka riƙa binsa suna yi masa kirari: "Ɗan ƙarami mai ɗakin gero! Kai ka shiga, kai ka fito, wa ya gani?" Duk abin da ya ɗiba, sai ya kwaso ƙaiƙayi daga bayan rumbu ya cike gurbin, ya yayyafa gero a sama.

Giwa ta tare shi a hanya. "Ma'aji, ina zancen ƙofata?"

"Yana cikin lissafi, uwar ɗakina. Kura ce ta matsa sai an fara da rumfarta. Kin san ta."

Giwa ta daina gaida Kura.

Kura ta tare shi. "Kai ɗan tsurut, ina rumfata?"

"Yana cikin lissafi, ranki ya daɗe. Giwa ce ta ce sai an fara sayen itacen ƙofa. Wa zai ja da ita?"

Kura ta daina gaida Giwa. Tunda ba sa magana, ba wadda ta ji abin da aka gaya wa 'yar'uwarta. Kurege kuwa sai ƙiba yake, wuya ya yi kauri.

Bazara ta shigo. Aka jefa guga a rijiya ya fito da laka. Aka sake jefawa ya fito da laka. Yara suka fara kuka, tukwane suka bushe. Bushiya ta bi gida-gida tana gayya, kowa ya ce mata, "In an dama kunu ki kira mu." Ta ɗauki ƙwarya ta tafi wurin Kurege.

"Ma'aji, auno geron kunu."

"Yana cikin lissafi, Inna."

"Ba lissafi na zo ɗauka ba, gero na zo ɗauka."

Bushiya ta ga wata taɓarya a gefe, ta ɗaga ta ƙwanƙwasa cikin rumbu. Rumbu ya amsa, fam, fam, kamar ganga. Bushiya ta wuce fada ta gaya wa Sarki. Sarki ya zo da jama'a, ya ce yau dai an ɗage doka, Giwa ta zura hanci ta ji. Giwa ta zura, ta shaƙa. Sai atishawa! Ƙaiƙayi ya tashi ya rufe gari, ya rufe Sarki, har ƙahonsa ba a gani.

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni shi in tsare a gidana."

Sarki ya kakkaɓe fuska ya ce, "A'a. A ɗaure shi da igiyar guga a zura shi cikin rijiyar, ya zauna da ƙishirwar da ya jawo mana. In ruwa bai zo ba, can zai bushe. Ke Kura, tsare bakin."

Aka ɗaure Kurege tamau a gefen ciki, aka zura shi da rigarsa da rawaninsa. Ya zauna cikin laka, ya ɗaga kai ya ga sama ta yi nisa. Ya ce a ransa, yau in ban yi dabara ba, na mutu. Sai ya laluba aljihu ya ji sauran gero ɗan kaɗan. Ya watsa a baki, ya kama tauna da ƙarfi, ƙurus, ƙurus.

Kura ta leƙo. "Kai, me kake ci?"

"Ba komai."

Ƙurus, ƙurus.

"Na ce me kake ci, ɗan ɓarawo?"

"Geron gari mana. Wane wawan Ma'aji ne zai bar dukiyar jama'a a rumbu, ga gara, ga ɓarayi? A tukwane na zuba na binne a ƙarƙashin lakar nan. Ba ku tambaye ni ba kuka ɗaure ni. Amma don Allah kar ki gaya wa Giwa, ta riga ki."

Ya dunƙula laka da 'yan ƙwayoyin gero ya jefo sama. Kura ta gani da idonta. Ta so ta yi shiru, amma bakinta ya ƙi, ta fashe da ihu har aka ji a bayan gari. Kafin ka ce wani abu gari ya taru. Aka jawo Kurege aka ɗora a bakin rijiya ya nuna wuri.

Waɗanda suka ce ba za su shiga ba sai da kunu, ga su suna ture juna. Kura na haƙa, Giwa na jan guga, Sarki da kansa ya tuɓe yana kwasar laka. Har Giwa ta ce wa Kura sannu.

"Ma'aji, ina tukwanen?"

"Ƙasa kaɗan. Yana cikin lissafi."

Suka haƙa.

"Ma'aji, ba mu gani ba!"

"Gefen gabas. Ƙasa kaɗan."

Suka haƙa, suka haƙa, laka ta ƙare, suka taɓa yashi. Sai ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai, mai sanyi, har wuyan Kura. Gari ya ɗauki guɗa. Aka sha, aka sha, aka cika tukwane.

Da ciki ya yi sanyi, Sarki ya juyo. "To, ina geron?"

Kurege ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, in yi tambaya? Da a ce geron yana nan yau, wane aiki za a yi da shi?"

Giwa ta dubi ruwa, ta ce rijiya. Kura ta lashe baki, ta ce rijiya.

"An yashe ta?"

"An yashe."

"To aiki ya biya. Me gari yake bina?"

Bushiya ta ce, "Mu muka yi gayya, kai ka sha kunun."

"Inna, an dai sha. Da aka yi al'adar, ba a faɗi cikin da zai shiga ba."

Sarki ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Ya ce an bar masa ransa. Bushiya ta ce ita ba ta gama ba. Ta sa aka cire rawanin, aka fasa wa rumbu ƙofa a ƙasa yadda ko kaza za ta leƙa, aka kuma tsayar cewa kowace shekara rijiya ce farko, abin da ya rage a yi gardama a kansa.

Bazarar nan rijiyoyin ƙauyuka duk suka ƙafe, sai ta Tudun Ƙirya. Baƙi suka riƙa zuwa da tuluna tun daga nesa, 'yan gari na tafiya da ƙirji a gaba. Giwa na kankare haƙarƙari a ƙofa tana cewa, "Mu ne masu ruwa." Kurege kuwa ya tsaya a bakin rijiya yana gaya wa kowane baƙo, "A zamanina aka yi ta."

Shi ya sa har yau in kun ga kurege za ku ga farin zane a gefen cikinsa, shaidar igiyar guga ce. In kuma ya miƙe a kan ƙafa biyu yana waige-waige, kwaɗinsa yake nema su yi masa kirari.

Ƙurunƙus kan kurege mai rawanin aro. Wanda zai cinye geron jama'a, ya fara tabbatar akwai rijiya kusa. Amma wanda ya taɓa mini na cikin tukunyata, ya sani gidan nan babu rijiya, sai taɓarya. Ku tashi.