Dawakan da Madugu Anaruwa Ya Ƙi Kaiwa

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, Allah ne dai masanin gaskiya, cewa an yi wani sarki a ƙasar Dargaza ana ce masa Jatau. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: wanda ya riga kai masa magana shi ne mai gaskiya. Yana da taubashi, ɗan gwaggonsa, Madugu Anaruwa, shugaban fataken ƙasar. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba su tsokani juna ba.

Ana nan sai rigima ta tashi a maƙwabciyarsu Maraki. Ƙanen sarkinsu, Yarima Barmo, ya yi tawaye, ya shige duwatsu da mutanensa. Wazirin Dargaza ya faɗi gaban Sarki Jatau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, Sarkin Maraki ya daɗe yana takura wa fatakenmu. Mu aika wa Barmo dawakai da takubba a ɓoye. Shi zai yi yaƙin, mu mu ci moriya, ko mutum ɗaya namu ba zai yi ƙwarzane ba."

Maganar ta shigi sarki. Ya sa aka kira Madugu, ya ce, "Kai bawana, maraba da ragon Dargaza. Za ka ɓoye takubba cikin buhunan kanwa, ka kora dawakai kamar na sayarwa, ka kai wa Barmo."

Nan take tunanin Madugu ya tafi Maraki. A gindin duwatsun nan akwai garin Rafin Gora, inda mai masaukinsa Cindo yake. Tun gemunsa na baƙi yake sauka a gidan, har Cindo ya yi masa takwara da ɗansa na fari. In yaƙi ya yi ƙarfi, garin nan za a fara ci. Amma ƙin umarnin sarki a gaban fadawa, ko taubashi bai isa ba.

Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji, na bi. Amma ka bar bawan nan naka ya ba ka labari, tun da shi kaɗai na iya."

Sarki ya yi dariya ya ce, "Faɗi, uban surutu."

Madugu ya ce, "Wata shekara na bi ta wani kufai a gabas, ba kowa sai wata tsohuwa tana sayar da daddawa ga matafiya. Na tambaye ta abin da ya cinye garin. Ta ce a ƙasar da ke kusa da su wa da ƙane ne suka yi rikicin sarauta. Da suka gaji, kibau suka ƙare, damina ta kawo kai, mahaifiyarsu ta zaunar da su a tabarma ɗaya. Ana cikin sulhu sai ga dawakai da takubba daga sarkin wannan kufan, kyauta ga ƙanen. Nan take ya tashi daga tabarmar. Shi kuma wan ya nemo nasa mai taimakon daga arewa. Samari suka bar fartanya, yaran da aka haifa suka tashi ba su san wata sana'a ba sai hari. To, ranka ya daɗe, doki kullum sai ya ci, mahayinsa ma haka. Da rumbunan ƙasarsu suka ƙare, shi kuma mai kyautar ya gaji da aike, sai suka ce bari su je su ɗebo da kansu, tun da sun san hanya."

Sarki ya daina murmushi. Ya ce, "Ita tsohuwar yaya aka yi ta ƙi barin wurin?"

"Ta ce mini nan ne gidan ubanta. 'Yar sarkin da ya aika dawakan ce."

Sai sarki ya ce, "Anaruwa, akwai wanda kake jiye wa a Maraki ko?"

Madugu ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai, Zaki. Amma wallahi na fi jiye maka, don in aka ci Dargaza ban san wanda zan riƙa tsokana ba."

Sarki ya share ido da hannun riga, ya umarta a mayar da dawakan barga. Ya haɗa Madugu da malamai da goro, ya ce su je su shiga tsakanin 'yan'uwan nan. Ya kuma yafa masa alkyabbarsa, yana cewa ko ba komai ta rufe wannan tumbin. An ce kafin kaka aka sulhunta, Barmo ya sauko daga duwatsu.

Masu hikima suka ce darasin shi ne, mai ba ɗan tawaye makami yana da iko da ranar bayarwa kaɗai, ba shi da iko da inda makamin zai kwana.

Da Madugu ya biya Rafin Gora, Cindo ya fito da murna, ya leƙa bayan jakuna ya ga wayam. Ya ce, "Haba Madugu, bana hannu biyu ka zo mini?"

Madugu ya rungume shi ya ce, "Cindo, tun da nake zuwa gidan nan ban taɓa kawo maka tsarabar da ta kai ta bana ba. Ce wa uwar takwarana ta ɗora tuwo."