Ramin da Tahidu Ya Haƙa Kusa da Rijiyar Babansa

Akwai wani birkila a unguwar Kukuo ta Tamale mai suna Tahidu, gwanin gina sokawe, wato ramin da ƙazantar ban-ɗaki ke gangarawa ciki. Hannunsa yana da kyau, wannan ba musu. Zuciyar ce ba ta son ganin kowa a gabansa.

Maigida ɗaya ya koya musu aiki shi da wani ɗan unguwarsu, Abdul-Mumin, Tahidu ne ma babba, shi ya sa yake ce masa Yaya. Da aka buɗe kwas na masu gina sokawe a cikin gari, Abdul-Mumin ya zo har gida ya ce, "Yaya, mu je mu sa suna. In an gama ana ba da satifiket."

Tahidu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni za a zaunar kan benci a koya min ramin kashi? Je ka, malamin ban-ɗaki."

Abdul-Mumin ya je, ya ci jarrabawa. Kafin ka ce me, makarantu da masu sababbin gidaje a unguwar Gurugu shi kaɗai suke nema, don yanzu kowa takarda yake tambaya. Ya sayi sabon babur. Duk safiya in ya wuce sai ya ɗaga hannu ya gaishe da yayansa, Tahidu kuwa ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Ko koko ba ya masa daɗi a ranar.

Ana nan sai Mma Barikisu, maƙwabciyar su Tahidu, ta so yi wa 'yan hayarta ban-ɗaki. Bayan gidanta yana jikin rijiyar da marigayi baban Tahidu ya haƙa sadaka, wadda unguwa ke sha idan famfo ya ɗauke. Famfon Tamale kuwa, kun san halinsa.

Abdul-Mumin ta fara kira. Ya duba wurin ya ce, "Mma, nan ba zai yi ba, ya yi kusa da rijiya. In damina ta zauna, ƙazanta za ta bi ta ƙarƙashin ƙasa. Sai dai a kai ramin gaban gida, a fasa rumfar shagonki."

Ranta ya ɓaci. Labari ya kai wa Tahidu, ya taho da sauri ko hula bai sa ba.

"Mma, takarda ce ta hau masa kai. Rumfarki ba mai taɓawa. Ni zan yi."

Abdul-Mumin ya tare shi a hanya ya ce, "Yaya, rijiyar Baba ce fa." Wannan magana ita ta ƙara tunzura shi. Wato yanzu har rijiyar ubansa za a koya masa?

Ga abin takaicin. Da haƙa ya yi nisa, Tahidu ya ga ƙasa tana tsatsafo da ruwa ta ɓangaren rijiyar. Ya san abin da ya gani: ruwan ramin da na rijiyar za su haɗu. Amma in ya tsaya, gobe duk Kukuo za ta ce mai satifiket ya yi gaskiya. Sai ya ci gaba da jera bulo.

Damina ta zauna. Ruwan rijiya ya fara wari, yara suka kama gudawa gida-gida, aka kwantar da wasu a asibiti. Masu duba-gari suka gwada ruwan, suka ce a rufe rijiyar, ba za ta sake shayuwa ba.

Dattawa suna shawarar wanda za a kira ya rufe ta, sai mahaifiyar Tahidu ta fito tana dogara sanda.

"Kada baƙo ya taɓa ta," in ji tsohuwar. "Ɗan mai rijiya birkila ne. Shi zai rufe."

Haka ya durƙusa yana kwaɓa siminti, mata suna wucewa da jarkoki za su neman ruwa can nesa, ba wadda ta ce masa sannu. Da ya ɗora murfin, tsohuwa ta dube shi ta ce, "Duk wanda ya sha ruwan nan, ubanka yana samun lada a kabarinsa. Yau ka yanke masa, Tahidu."

Darasi: Hassada ba ta hana mutum gane gaskiya, hana shi binta take yi, kuma abin da ta fara ci nasa ne. In ƙaninka ya riga ka ƙaro ilimi, bi shi ka ƙaru. Ku tura wa 'yan uwa masu sana'a, wataƙila wani yana tsakiyar haƙa nasa ramin.