Na'urar da Ta Kira Sunan Ɗan Fari

An ce wai a wani birni an yi wata mata, Hansatu, wadda haɗarin mota ya kashe mijinta, ita kuma ya shanye mata jiki har da harshe. Idanu kaɗai suka rage mata. Likitoci suka dasa mata wata na'ura a ka, mai karanta ƙwaƙwalwa ta mayar da tunani magana.

Wata rana ciwo ya tsananta, zuciyarta ta raya mata, "Ku ɗauke yaron nan, ba zan iya ba." Na'ura ta faɗa a fili, a gaban Tanimu, ƙanin mijinta. Tanimu ya kai ƙara a ba shi Lirwanu, ɗanta na fari, shi ke nan gare ta.

Alƙali Malam Bawa ya zo har bakin gadonta. Hansatu tana ji, tana kokawa da tunaninta kada ya sake tona ta.

Tanimu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da bakinta ta sallama shi. Likita ma shaida ne."

Likita ya ce, "Na'urar ba ta ƙarya, daga ƙwaƙwalwarta take ɗaukowa."

Alƙali ya jawo yaron gabanta, ya ce, "Baiwar Allah, wane ne wannan?"

Na'ura ta ce, "Lirwanu ne, ɗana."

Mahaifiyar Hansatu, da ke zaune a gefe, ta dafe ƙirji, ta ce, "Wayyo! Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari fa!"

Kunya ta lulluɓe Hansatu, hawaye ya gangaro har kunnenta, ba hannun sharewa.

Alƙali ya ce, "Likita, gaskiyarka, ba ta ƙarya. Amma kun ga ta furta abin da matar nan ba za ta taɓa yarda ya fito ba. Wace uwa ce wahala ba ta taɓa sa ta raya irin wannan ba, ta haɗiye? Tanimu, in sa a dasa maka ita, mu ji me kake rayawa game da yaron?"

Tanimu ya sunkuyar da kai.

Aka bar mata ɗanta, aka hana na'ura magana sai ta ƙifta ido ta ba da izini. Hansatu ba ta ƙara tashi ba har ta rasu, yaron yana gefenta.

Abin da ya gifta a zuciya ba magana ba ne, sai mai zuciyar ya sake shi.