Sarkin da Ya Hana Mahaifiyarsa Cin Ganye

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya jera magana kamar masu littafi ba. A ɓoye ma nake yi, a bayan littafin lissafi, in na ji motsi sai in rufe. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

A can wani zamani da ya shuɗe, tun ana auna tafiya da kwanaki, an yi wani sarki mai suna Nomau. Adali ne, mai sauƙin kai, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar mahaifiyarsa Gwamma, wadda fada ke kira Mai Babban Ɗaki.

Yana yaro maƙiya suka kashe ubansa, uwar ta goya shi ta gudu ƙauyen yayarta. A can ya girma, a kan rama da tafasa da zogale. Akwai ranar da bai taɓa mantawa ba. Ya leƙa ɗaki ya ga uwarsa zaune gaban ƙwaryar rama, tana ci, hawaye na sauka a ciki. Tun ranar ya ƙudurta abu a ransa.

Saboda haka ranar da gadon ubansa ya dawo hannunsa, dokar da ya fara kafawa ita ce: "Daga yau kada ganye ya ƙara shiga sashen Mai Babban Ɗaki. Ba rama, ba zogale, ba kuka, ba 'ya'yan itacen daji. Ta gama cin abincin wahala. A ba ta naman rago mai kitse, da farar shinkafa, da alkaki da nakiya, a malala zuma da man shanu." Fadawa suka ce, "Ɗa na gari! Allah ya ja zamanin Sarki!"

Wazirinsa Tunau, dattijo ne da ya yi wa uban sarki hidima. Shi ma ya yaba, don a lokacin bai hango komai ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sai Mai Babban Ɗaki ta fara canzawa. Jikinta ya yi nauyi amma ba ƙarfi. Dasashinta ya riƙa jini, cikinta ya ɗaure, idonta ya dushe, har ta koma sallah a zaune. Sarki ya rikice. Ya sa aka yi shela duk mai maganin tsawon rai ya kawo. Fatake suka zo da kwalabe masu ƙamshi daga gabas, malamai suka duƙufa da addu'a. Shi kuwa sarki, duk sanda aka ce ba ta ci abinci ba, sai ya ce, "A ƙara zuma! A yanka wanda ya fi ƙiba!"

Rannan babban mai maganin fada, Malam Jibir, ya ja Waziri gefe ya ce, "Waziri, ciwon nan a akushi yake. Jikin mutum kamar ƙarfe ne, in ya daɗe yana yin tsatsa. Ganye da 'ya'yan itace masu launi, kore da ja da ɗorawa, su ne man da ke tsare shi daga ciki. An raba baiwar Allah nan da su, an bar ta da kitse da zaƙi."

Waziri ya ce, "To ka faɗa wa sarki mana."

Malam Jibir ya kama gemu. "Ni? Ka manta jakadiyar da ta ce ko a kaɗa mata miyar kuka? Cewa ya yi ta zagi uwarsa, yanzu tana garinsu tana kaɗi. Ina da iyali, Waziri."

Waziri ya tafi sashen Mai Babban Ɗaki da kansa. Ya same ta a kan tabarma, ga akushin nama ya sandare a gefe, ita kuma ta zuba ido ga wani reshen zogale da ya leƙo ta kan katanga daga waje. Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, ke ce kaɗai za ki ce masa ya janye dokar nan ya janye. Ki yi masa magana."

Ta yi murmushi mai rauni. "Haba Waziri. Ɗan fari ne fa. Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa ba, ni da in ya shigo nake juya fuska bango, yau in buɗe baki in ce ina kwaɗayin abu? Kuma wancan ɗin don ƙauna ya yi. In na ce ban so, zuciyarsa za ta karye. Bar shi kawai. Kwana in ya ƙare ya ƙare."

Waziri ya fito idonsa ya cika. Ya ga uwa za ta mutu don kunya, ɗa zai kashe ta don so, kuma duk wanda ya faɗi gaskiya za a ce ya yi zagi. Sai wanda sarki ba zai iya kora ba ne zai iya faɗa. Amma wane ne?

Yana cikin wannan tunani ya iso ƙofar fada, ya tarar da hayaniya. Wata tsohuwa ce da ƙwarya a ka, ta tsaya ƙyam tana yi wa dogarai faɗa. "Ku matsa in wuce, 'yan banza masu jan riga! Ƙanwata aka ce ba lafiya, kwaɗon zogale na kawo mata, ba guba ba!" Waziri ya dube ta da kyau, ya gane Inna Kyauta ce, yayar Mai Babban Ɗaki, wadda sarki ya girma a gidanta. Nan take dabara ta faɗo masa. Ya ɗaure fuska ya ce, "Ku kama ta. Ta karya dokar sarki."

Ta ce, "Tunau! Kai ma?"

Ya raɗa mata, "Inna, ki yi mini alfarma ɗaya. Ki rufe fuskarki da mayafi, ki yi shiru har in ce ki yi magana."

Ta ce, "Shirun ne zai yi wuya."

Da fada ta cika, Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya taimaki Sarki, ga mai laifi an kama da ganye a ƙofar Mai Babban Ɗaki." Fuskar sarki ta murtuke. Waziri ya ce, "Amma ranka ya daɗe, hukuncin tsoho daban, na yaro daban. Tunda ta rufe fuska, ina roƙon fada ta kintaci shekarunta daga abin da za ta gani."

Sarki ya ce, "An yarda."

Waziri ya ce wa dogari, "Daga ina ta taho?" Ya ce, "Daga bayan kogi, a ƙafa, da kaya a ka." Waziri ya ce ta zauna, ta zauna. Ya ce ta tashi, ta miƙe zumbur ba ta dafa ƙasa ba. Ya ɗauki goruba daga cikin kayanta ya miƙa mata, ta sa ta ƙarƙashin mayafi, fada duka ta ji ƙarar haƙori, ƙurus, ƙurus. Ya ba ta allura da zare, ta zura tun bai gama janye hannu ba.

Fadawa suka ce, "Wannan ai ba ta wuce goyon fari ko na biyu ba." Alƙali ya ce, "Ko sa'ar 'yar Mai Babban Ɗaki ce."

Waziri ya ce, "Inna, yanzu ki yi magana."

Ta yaye mayafi, ga kai fari fat kamar auduga. Ta nuna sarki da guntun goruba ta ce, "Kai Na-Inna! Ni za ka sa a kama?"

Dogarai suka yi ca, "Hattara!" Sarki ya ɗaga hannu, ya miƙe tsaye. "Inna?"

"Ni ce. Na girmi uwarka, ni na yi goyonta. Dube ni, ka je ka dubi yadda ka mai da ita. Ni ba malama ba ce, ban san komai ba, abin da muka saba ci shi nake ci. Gero da wake, miyar kuka, ɗan nama in an samu, zoɓo in rana ta yi zafi, kanya da ɗinya in lokacinsu ya zo. Me ganye ya yi maka ka kore shi kamar ɓarawo?"

Muryar sarki ta yi ƙasa. "Inna, da idona na gan ta tana cin rama tana kuka. Na rantse ba za ta sake ba."

Inna Kyauta ta sauke guntun gorubar. Sannan ta ce a hankali, "Wayyo yaro. Ashe abin da ka riƙe ke nan? Ba ramar take wa kuka ba. Ubanka ne mai son kwaɗon rama, tare suke ci a ƙwarya ɗaya in fada ta tashi. In ta ci, shi take tunawa. Ka raba ta da abincinta, ka raba ta da ɗan abin da ya rage mata na mijinta."

Sarki ya ja amawali ya rufe fuska, kafaɗunsa na motsi. Da ya natsu ya juya ga Malam Jibir ya ce, "Ka sani?" Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe, tsoro ya hana ni." Sarki ya ce, "Ni na shuka tsoron, laifin nawa ne."

Sai ya yanke hukunci. Ya ce an soke doka. A je a dawo da jakadiyar da aka kora, a ba ta haƙuri. A shuka zogale da rama da gwanda a sashen Mai Babban Ɗaki, inda za ta gan su daga tabarmarta. "Ita kuma mai laifi, hukuncinta ba za ta koma ƙauye ba. Za ta zauna nan, ta riƙa ci da ƙanwarta a ƙwarya ɗaya."

Inna ta ce, "A dai kawo mini akuyata."

Sarki ya cire takalmi, ya ɗauki ƙwaryar zogalen da hannunsa, Waziri da Inna Kyauta na biye. Da suka shiga, Mai Babban Ɗaki ta juya fuska bango kamar kullum. Ya durƙusa ya ajiye ƙwaryar a gabanta. Ƙamshin ƙuli-ƙuli da albasa ya cika ɗakin. Can sai ta miƙo hannu, ta ɗiba ta kai baki. Ta tauna a hankali. Ta ƙara. Sannan, ba tare da ta waiwayo ba, ta tura ƙwaryar kaɗan zuwa inda yake durƙushe, ta ce, "Yaya, ki ce wa wancan ya sa hannu. Ya rame."

Sarki ya sa hannu. Waziri ya fita a hankali ya ja musu asabari.

Ba ta koma yarinya ba, tsufa ba ya komawa. Amma kafin zogalen da aka shuka ya kai tsayin katanga, jinin dasashi ya tsaya, ta koma sallah a tsaye, kuma ta rayu har ta tsinke wa 'ya'yan jikokinta ganye a wannan tsakar gida.

Nan labarin ya tsaya. Malamarmu ta kimiyya ma ta ce da gaske akwai sinadarai a ganye da 'ya'yan itace masu kare jiki daga lalacewa. Shi ya sa in na ga Baba ya shigo wa kakarmu Hajiya da tsire da lemon kwalba, ta ce an gode ta tura ƙarƙashin gado, sai in ji kamar in yi magana. Shi ma ɗan fari ne. Jiya na tsinko zogale a bayan gida na ɓoye a kicin, yau in Allah ya yarda in Umma ta ba ni ƙuli-ƙuli zan... na'am Umma, ga ni nan! Bari in je, amma in na dafa, Baba zan ba ya kai mata da hannunsa.