Kuben da Lurwanu Ya Ɗinka wa Ƙanensa

A unguwar Anbariyya ta Madina akwai wani baduku mai suna Lurwanu, jikan alhazan Kano da suka zo sauke farali suka yi zamansu. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. Sai dai Allah Ya yi shi da garaje. In ya kama aiki, tun bai kai rabi ba ransa ya riga ya kai ƙarshe, kuma duk abin da ido ba zai gani ba a jikin aiki, to a wurinsa ɓata lokaci ne.

Ana dab da Babbar Sallah sai ƙanensa Sharfuddeen, wanda shi ke yi wa dangi fiɗar layya, ya shigo shago da waya a hannu.

"Yaya, dubi wannan," in ji shi. "Wuƙar mutanen Sami ce, makiyaya can ƙarshen arewacin Turai. Wallahi ta shiga raina. Za ka iya?"

Lurwanu ya yi dariya. "Ni kake tambaya? Halas, shi ke nan, ka ɗauka ta zama taka."

Ya samo ruwan wuƙa a wurin maƙeri, ya zauna wa ƙota. Ya yanka ƙahon rago da fata da itacen zaitun ƙanana-ƙanana, ya jera su ɗaya bisa ɗaya, ya matse, ya goge har ƙotar ta kwanta a tafin hannu. Kai, abin ya yi kyau! Sai aka zo kan kube. Shi irin wannan kuben zurfi gare shi, yana haɗiye wuƙa har rabin ƙota, kuma sai an sassaƙa masa gida na itace a ciki wanda zai tare kaifi da tsini, sannan a jiƙa fata a ɗinke a kai. Sassaƙar nan ita ce mai cin rai, ga kuma aikin alhazai ya yi masa yawa. Lurwanu ya dubi itacen, ya yi tsaki, ya ninka fata biyu ya kama ɗinki.

Matarsa Sabuwa ta kawo masa shayi ta tarar da shi a haka, ta kira shi da alkunyar da ta saba.

"Abu Wafa, ba cewa ka yi sai an sa itace a ciki ba?"

"Ke, fatar nan kauri gare ta. Wa zai leƙa cikin kube?"

"Tsinin wuƙa zai leƙa," in ji ta. "A ƙugun ɗan'uwanka fa za ta zauna."

"Yalla, maza ajiye shayin ki tafi."

Ranar Sallah dangi suka taru a wata gonar dabino a bayan gari. Sharfuddeen ya rataya wuƙar a ƙugu, yana nuna wa kowa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Da aka zo kayar da rago na biyu, ragon ya fizge, Sharfuddeen ya zame ya faɗi ta gefen da wuƙar take. Tsinin ya huda fatar kuben kamar takarda, ya shige cinyarsa. Lurwanu na tsaye a wurin. Ya ga farar riga ta rine da jini, ya ji ƙanensa ya kira sunan Allah da wata irin murya da bai taɓa jin ta ba.

A asibiti aka ceci ransa, amma jijiya ta yanke. Tun daga ranar Sharfuddeen jan ƙafar yake yi.

Ba wanda ya zargi Lurwanu. Kowa cewa yake ƙaddara ce, Sabuwa kuwa ba ta sake ta da maganar ba, kuma shirun nata ya fi masa faɗa ciwo. Abin da ya hana shi sakat shi ne ƙarar ƙafar. Takawa ɗaya, sai ja a ƙasa. Yana jin ta a bayansa in suna tafiya Masallacin Annabi tare. Daga baya ya soma jin ta ko shi kaɗai ne a shago da rana tsaka, ya ɗaga kai da sauri, ya ga babu kowa a bakin ƙofa. Ya rame, tsoro da kunya suka cinye shi.

Wata rana ƙarar ta zo da gaske. Sharfuddeen ne ya shigo, ya ajiye wuƙar a kan tebur, fuskarsa a sake.

"Yaya, ma'alesh, ka yi haƙuri, na ɓata maka kube da gangancina. Ka ɗinka mini wani, irin na da sak. Ni ban yarda da hannun kowa ba sai naka."

Lurwanu ya ɗauki basilla, ta suɓuce masa ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, ya ga ƙafar a gabansa, ya kasa ɗagowa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, aikin da ido ba ya gani shi ne ke riƙe da wanda ido ke gani. Mai sana'a, ka ji tsoron Allah a inda ba mai leƙawa, kada garaje ya sa ka tsallake abin da ka san dole ne. Sau da yawa ba kai cutar za ta samu ba, wanda ya yarda da kai ne, kuma kai za ka ci gaba da ganinsa kullum.